Sabaloka: Tarihin Mataccen Dutse Mai Aman Wuta a Ƙofar Hartum da Omdurman

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya san Hartum da Omdurman ya san cewa garuruwa ne na fili. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, ta laka da yashi, inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suka haɗu a wurin da ake kira Mugran, suka zama kogi guda suka nufi arewa. Ba wanda zai tsaya a nan ya kawo zancen dutse mai aman wuta a ransa. Amma kimanin kilomita 80 arewa da birnin akwai wasu jajayen duwatsu da kogin ya ratsa ta tsakiyarsu, waɗanda ake kira Sabaloka, kuma waɗannan duwatsu gindin wani babban dutse mai aman wuta ne da ya mutu tun kusan shekara miliyan 400 da suka wuce. Wannan takarda za ta bi tarihin wurin, tun daga yadda narkakken dutsen da ya haife shi ya samu a cikin ƙasa, har zuwa rawar da ya taka a yaƙe-yaƙen Mahadiyya. An zaɓi batun ne saboda dalili biyu. Na farko, ƴan uwan Sabaloka na jini suna nan a ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Na biyu, batu ne da ke gwada ƙarfin harshe, domin kalmomin da muka gada ba su cika ɗaukar abin da ake son faɗa ba.

2.0 Kalmomi da abin da suke ɓoyewa

Bahaushe yana cewa "dutse mai aman wuta". Magana ce mai kyau a kunne, kuma gidajen rediyo sun zaunar da ita daram. Sai dai tana ɗauke da zato guda biyu: cewa akwai wuta a cikin dutsen, da kuma cewa dutsen yana nan tun farko, daga baya ne ya soma amai. Duka biyun ba haka suke ba. Wuta tana bukatar makamashi da iska, kuma babu abin da ke ci a cikin ƙasa. Jan da ake gani irin jan ƙarfe ne a maƙera, wato zafi ne ya kai shi ga yin haske. Sannan aman ne ke gina dutsen, ba dutsen ne ke kawo aman ba. Da farko tsaga ce kawai a ƙasa, abin da ke fitowa daga cikinta ya yi ta taruwa yana daskarewa har ya zama tsauni.

Bai kamata a ga laifin Bahaushe ba, don masanan Turai ma sun daɗe a kan wannan zato. Har ƙarshen ƙarni na 18 Abraham Werner, babban malamin ma'adinai na Jamus, yana koyar da cewa kwal ne ke kamawa da wuta a ƙarƙashin ƙasa. Sunan da Turawa ke kiran irin wannan dutse ma daga wani tsibiri ne na Italiya, Bulkano, wanda Rumawa suka ɗauka maƙerar gunkinsu ce, kuma daga wannan tushe Larabci ya samo "burkan". Kalmar "magma" kuwa ta Girkanci ce, asalinta abin da aka cuɗa ya yi kauri, kamar kwaɓin fulawa. A wannan takarda magma na nufin narkakken dutse tun yana cikin ƙasa, tare da iskar da ke narke a cikinsa. In ya fito fili yana gudu, sai a kira shi malala.

3.0 Yadda dutse ke narkewa

A ɗauki duniya kamar mangwaro: ɓawo, tsoka, da ƙwallo. Ɓawon da muke zaune a kansa kaurinsa a nahiyoyi yakan kai kilomita 30 zuwa 50. Tsokar tana kaiwa zurfin kilomita 2,900, sai ƙwallon ƙarfe daga nan zuwa cibiya. Abin da ɗalibai suka fi yin kuskure a kansa shi ne tsokar. Ana zaton tafki ce ta narkakken dutse, muna yawo a kanta kamar ƙwarya a kan ruwa. Ba haka ba ne, sandararren dutse ce. An tabbatar da haka ta hanyar girgizar ƙasa, domin akwai wani nau'in kaɗawa da ba ya iya ratsa abu mai ruwa-ruwa, amma yana ratsa tsokar duniya ba tare da cikas ba. Zafinta ya fi digiri 1,000 a mafi yawan zurfinta, amma nauyin abin da ke bisanta ya danne ta, ya hana ta narkewa. Tana motsi dai, a hankali ƙwarai, ƴan santimita a shekara, kamar yadda farce ke tsiro.

Ke nan magma ba abu ne da ke ajiye ko'ina ba. Sai wani dalili ya faru a wani wuri na musamman kafin ya samu, kuma dalilan uku ne.

Na farko shi ne raguwar danniya. In dutse mai zafi ya taso daga zurfi ya kusanci sama, zafinsa na nan amma nauyin da ke kansa ya ragu, sai ya fara narkewa. Direban da ya taɓa buɗe murfin lagireto mota na da zafi ya san wannan ka'ida: ruwan yana kwance lafiya, ana sassauta murfin sai ya tafasa nan take. Wannan ita ce hanyar da ta fi kowacce samar da magma a duniya, kuma misalinta yana gabashin Sudan, wato Bahar Maliya, inda faifan Afirka da na Larabawa suke rabuwa tun kimanin shekara miliyan 30. Baƙaƙen filayen duwatsu da alhazai ke gani a kewayen Madina, waɗanda Larabawa ke kira harra, na cikin abin da wannan yanki ya fitar. A shekarar 1256, wato 654 bayan Hijira, ƙasa ta tsage kudu maso gabas da Madina, malala ta yi tafiyar fiye da kilomita 20 cikin kwana 52 kafin ta tsaya dab da garin. Malaman tarihin Musulunci sun rubuta labarin dalla-dalla.

Na biyu shi ne shigar ruwa. Inda faifan ƙarƙashin teku ke nutsewa ƙarƙashin wani faifai, yana tafiya da ruwa a cikin duwatsunsa. A zurfin kilomita 100 ko kusa da haka ruwan yakan fita ya shiga tsokar da ke samansa, ya rage zafin da take bukata kafin ta narke, kusan kamar yadda ƴar kanwa ke sa wake ya nuna da wuri. Duwatsun Japan da Indonesiya da Filifin, irin su Tambora da ya fashe a 1815 da Pinatubo a 1991, daga nan suke. Yau babu irin wannan a Sudan.

Na uku shi ne aron zafi. Magman da ya taso daga tsoka, zafinsa wajen digiri 1,200, in ya maƙale a gindin ɓawon nahiya sai ya narkar da shi, tunda duwatsun ɓawo suna narkewa a digiri 700 zuwa 800.

A duk hanyoyin uku dutse ba ya narkewa gaba ɗaya kamar man shanu a kasko. Dutse haɗin ma'adinai ne iri-iri, kowanne da zafin da yake jurewa. Wani kaso ne kaɗan ke narkewa, ya tsatso ta tsakanin ƙwayoyin da suka rage, kamar yadda mai ke tsatsowa daga tunkuza. Da yake ruwan ya fi abin da ke kewaye da shi rashin nauyi, sai ya yi ta hawa ta cikin tsage-tsage, ya taru a wani rumbu mai zurfin ƴan kilomitoci. Mafi yawansa a nan yake sanyi ya daskare bai ga rana ba. Wanda ya fito kuwa, halinsa ya danganta da kaurinsa da yawan iskar da ke cikinsa. Magman basalti, mai ƙarancin sinadarin silika, tsinkakke ne kamar koko, iska na fita daga cikinsa da sauƙi, sai ya yi ta malala. Magman rayolait, mai yawan silika, kamar tuwo yake a tukunya, yana riƙe iskar har sai ta fi ƙarfinsa, sannan ya tarwatse ya zama toka da tsakuwa. Na Sabaloka irin na biyun ne.

4.0 Rayuwar Sabaloka da mutuwarsa

Waɗanda suka fara zana taswirar wurin da kyau ma'aikatan binciken ƙasa ne na Sudan, daga cikinsu akwai Frances Delany a shekarun 1950, sannan David Almond, wanda ya buga cikakken bincikensa a 1977. Abin da duwatsun suka nuna, in an karanta su daga ƙasa zuwa sama, shi ne wannan. Da farko an yi malalar baƙin dutse, ba mai yawa ba. Sai rayolait ya biyo baya, ja mai kauri. Daga nan sai manyan fashe-fashe, inda toka mai tsananin zafi ta riƙa gangarowa kamar guguwa tana kwanciya, zafinta ya sa ta manne ta zama dutse mai tauri. Da rumbun da ke ƙarƙashi ya zubar da abin da ke cikinsa, rufinsa ya rasa madogara, sai ya tsage a kewaye ya rufta ciki, kamar rufin tsohuwar rijiya. Ragowar magman ya matso ta wannan tsaga mai siffar zobe, ya daskare a cikinta ya zama ganuwa. A ƙarshe giranit ya kutso daga ƙasa ya yi sanyi a hankali.

Ruftawar nan ce ta ceci tarihin. Tsaunin da ke sama iska da ruwa sun cinye shi tuntuni. Amma abin da ya faɗa cikin ramin ya samu mafaka, shi ne muke gani yau.

Masana suna kiran irin wannan gini da sunan da za a iya fassarawa "duwatsun zobe". An fara gane shi ne a Glen Coe ta Sikotlan a 1909, amma ɗaya daga cikin wuraren da ya fi yawa da kyau a duniya shi ne tsakanin Azbin da Binuwai. Jerin ya faro daga duwatsun Azbin a Nijar, waɗanda suka yi kusan sa'a da Sabaloka ko suka girme shi, ya biyo ta Damagaram, ya shigo Nijeriya ta Dutse da Ningi da Riruwai ta Jihar Kano, ya hau tudun Jos, ya ƙare a Afu mai shekara wajen miliyan 141. Ana yin kudu suna raguwa a shekaru. J. D. Falconer ne ya raba su da tsofaffin duwatsun ƙasar a littafinsa na 1911 kan Nijeriya ta Arewa. Kuzar da mutanen Riruwai suka daɗe suna narkawa tun kafin zuwan Turawa, wadda kuma ta ja dubban Hausawa zuwa Jos da Bukuru, daga ruwan ƙarshe na irin wannan magma ta taru. A Sabaloka ma Almond ya gano kuza a jikin giranit ɗin, ko da yake ba ta kai ta Jos ba ko kusa. Yana da kyau a lura cewa Dala da Gwauron Dutse ba sa cikin wannan dangi: tuddan marmara ne da zaizaya ta bari, ba su taɓa yin aman komai ba.

Duka waɗannan duwatsu a tsakiyar faifai suka fito, nesa da baki, shi ya sa har yanzu ana muhawara kan abin da ya tayar da su: wasu na ganin wani ƙullin zafi ne daga zurfin tsoka, wasu na ganin tsofaffin tsage-tsagen ɓawo ne suka sake buɗewa. A ganina bayani na biyu ya fi dacewa da yadda ire-irensu suka warwatsu a Sudan ba bisa layi guda ba.

Bayan mutuwar Sabaloka da miliyoyin shekaru, yashi ya binne shi, yashin ya zama dutse, irin wanda ke ƙarƙashin Omdurman. Daga baya wani ɗan magman basalti ya huda wannan dutsen yashi a yammacin Omdurman, shi ne Jabal Toriya, inda aka daɗe ana fasa baƙar tsakuwa don gini da titi. Wannan binnewa ita ce amsar wata tambaya da taswira ke jawowa: me ya sa Nilu ya bi ta tsakiyar dutse mai tauri alhali ga fili dama da hagu? Bayanin da aka fi karɓa shi ne kogin ya shata hanyarsa tun yana gudu a kan dutsen yashi mai laushi. Da ya ci ƙasa ya iske jan dutsen a ƙarƙashi, ya riga ya shiga kwari, ba halin kaucewa, sai ya ci gaba da yanka. Sunan wurin ma ya faɗi haka. A Larabcin Sudan "sabaloka" ita ce indararo.

5.0 Indararo a tarihin mutane

Amfanin farko da mutane suka yi da wurin na makami ne da kayan aiki. A ƙasar laka dutse mai kaifi dukiya ne. A. J. Arkell, wanda ya haƙa tsohon mazaunin Shaheinab a yammacin kogi tsakanin Omdurman da Sabaloka a 1949 zuwa 1950, ya samu gizago da yawa na rayolait, na mutanen da suka rayu kimanin shekara 6,000 da suka wuce, kuma dutsen daga Sabaloka aka ɗauko shi. Ana samun irinsu har a wurare masu nisa da nan, abin da ke nuna cewa ana fatauci ko musayarsa.

Amma inda dutsen ya fi shiga littattafai shi ne zamanin jiragen ruwa masu tururi. Sabaloka shi ne na shida, kuma na ƙarshe, a jerin gangaren duwatsun da ke tare Nilu tsakanin Aswan da Hartum. A cikin mashigin ruwa na da zurfi da ƙarfi, a bakinsa kuma akwai tsibirai da duwatsu da ke ɓuya lokacin cikar kogi, su fito da rani. Duk mai son kai wa Hartum hari ko ɗauki ta ruwa daga arewa, dole ya bi ta nan.

A watan Janairu na 1885 Janar Gordon yana tsare a Hartum, rundunar Mahadi Muhammadu Ahmad ta kewaye shi. Ranar 24 ga wata Charles Wilson ya taso daga kusa da Matamma da jirage biyu, Bordein da Talahawiya. Lokacin ƙarancin ruwa ne. Bordein ya hau dutse a yankin Sabaloka, aka ɓata lokaci ana fid da shi. Sun hango Hartum ranar 28, suka tarar garin ya faɗi tun ranar 26, an kashe Gordon. A hanyar komawa duwatsun suka ƙarasa aikin: Talahawiya ya nutse ranar 29, Bordein ya fashe ranar 31, sai da wani jirgi ya zo ya kwashi mutanen. Marubutan Ingila sun daɗe suna juya zancen "kwana biyu kacal", kamar dai dutse ne ya ci Gordon. Wannan bai kama hankali ba. Sojojin Ingila da ke cikin jiragen ba su kai talatin ba, garin ya riga ya galabaita da yunwa, kuma janyewar ruwan Farin Nilu ta riga ta buɗe gibi a ganuwarsa. Ansaru dai sun tsamo Bordein suka gyara, ya yi musu aiki shekara goma sha uku.

Bayan rasuwar Mahadi a watan Yuni na 1885, Halifa Abdullahi ya zauna a Omdurman. Da rundunar Kitchener ta matso daga arewa, an gina ƙananan ganuwoyin laka na igwa a bakin mashigin. Wuri ne da ƴan igwa kaɗan za su iya wahalar da jirage ƙwarai. Amma bayan an karya rundunar Mahmud Ahmad a Atbara ranar 8 ga Afrilu 1898, Halifa ya janye mutanensa da igwoginsa ya tattara ƙarfinsa a Omdurman. A watan Agusta, kogi na cike, jiragen yaƙi suka wuce ta indararon ba wanda ya harba musu ko harsashi, sojojin ƙasa kuma suka kewaye duwatsun ta yamma. Ranar 2 ga Satumba aka gwabza a filin Karari. Ansaru fiye da 10,000 suka kwanta dama, ɓangaren Kitchener bai rasa mutum hamsin ba. Masana tarihi da yawa na ganin barin Sabaloka babban kuskure ne. Akwai gaskiya a ciki, don ya ba da dutse ya karɓi fili, a gaban bindigogi masu ruwan harsashi. Sai dai ciyar da runduna a tsakanin busassun duwatsu, nesa da rumbunan Omdurman, ba ƙaramin aiki ba ne, kuma mai tsaron mashigi ana iya zagaye shi ta hamada, kamar yadda aka yi ɗin.

A ƙarshen 1899 layin dogo ya iso Halfaya, daura da Hartum, ya bi ta gabas da duwatsun. Daga ranar darajar mashigin ta faɗi. Ya koma wurin yawon shan iska na mutanen birni ranar Juma'a, da kuma ajin fili inda ɗaliban ilimin duwatsu na Jami'ar Hartum suka shekara da shekaru suna koyon zanen taswira. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya sake mai da yankin fagen daga, musamman kewayen matatar mai ta Jaili da ke kudu da duwatsun.

6.0 Waɗanda ba su mutu ba

Sabaloka ya mutu murus, rumbunsa ya zama giranit. Ba haka duka duwatsun Sudan suke ba. A hamadar Bayuda, cikin babban lanƙwasar Nilu arewa da Sabaloka, akwai tarin ƙananan tsaunuka na baƙar tsakuwa, kuma malala mafi ƙuruciya a cikinsu shekarunta wajen 1,100 ne. A yamma kuwa, fiye da kilomita 900 daga Hartum, akwai Jabal Marra na Darfur, mai tsayin mita 3,042. A ƙwanƙolinsa akwai kwarin Deriba, faɗinsa wajen kilomita 5, da tafkuna biyu a ciki, wanda ya samu sakamakon wata babbar fashewa kimanin shekara 3,500 da suka wuce. Har yanzu akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi da wuraren da tururi ke fita. Wanda ke son ganin kamannin Sabaloka a ƙuruciyarsa, Deriba zai duba.

Tokar da Jabal Marra ya zubar ta zama ƙasa mai albarka, tsayinsa kuma yana tare hadari, shi ya sa ya zama cibiyar daular Fur, ana noman alkama da lemo da dankali a kan matakalan duwatsu a tsakiyar yanki mai fari. Tsohuwar hanyar alhazan ƙasa daga Kano da Borno ta Wadai ta ratsa Darfur ne ta gefen wannan tsauni kafin ta kai Kurdufan da bakin Nilu. Ta nan mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka bi bayan yaƙin Burmi na 1903, ƙarƙashin ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu daga cikin masu wannan tafiya sun zauna a Darfur ɗin, wasu a Jazira da Gadarif, wasu a unguwannin Hartum da Omdurman, sauran suka ƙarasa Sawakin suka haye Bahar Maliya.